Ramuka Uku a Bangon Mai Wasiƙa

Kowace sana'a da irin ciwon da take bar wa mai ita. Tela yakan ƙare da ciwon baya, maƙeri da nauyin kunne. Shi kuwa Magini, abin da shekara arba'in ta yaɓe da shafe ta bar masa shi ne ƙaiƙayin hannu. Ba ya iya ganin tsaga a bango ya wuce. In ya je duba mara lafiya a asibiti, kafin a gama "ya jiki" sai a waiwaya a gan shi yana ƙwanƙwasa bangon ɗakin da bayan yatsa, ya kasa kunne kamar shi ne likitan. An taɓa tura shi sasanta wasu maƙwabta biyu da ba sa ga maciji, ya dawo bai sasanta kowa ba, amma ya gyara musu dokin ƙofa.

Saboda haka ran da zai yi tafiyar da ta fi kowace nisa a rayuwarsa, matarsa ta tsaya a kan jakarsa kamar mai tsaron iyaka. 'Yarsu Auta, ma'aikaciyar jinya, ita ce aiki ya kai ta wata ƙasa da aka taɓa yin yaƙi a cikinta. Can ta yi aure, can ta haifi 'ya mace, ga yarinya har ta fara rarrafe kakanta bai gan ta ba.

"Maigida, ganin jika za ka, ba kwangila ba," in ji matar. "Ka ci abin da aka ba ka, ka kwanta inda aka nuna maka. Bangon mutane kuma ka bar musu abinsu."

"Ke dai kin mai da ni wani iri."

"Ni na mai da kai? Haka na same ka."

Sau biyu tana zare cokalin gini daga cikin jakar. A na uku ya naɗe shi cikin ƙafar wando. Ta gani, ta ƙyale, don ta san in aka raba shi da cokalin nan rabin mijinta ne zai isa can.

Kwana biyu ya yi a mota. Duk abin da Magini ya sani game da ƙasar, daga rediyo ya ji shi, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, lokacin da ba a ambatar sunan wani gari nata sai an bi shi da adadin waɗanda suka mutu. Tun daga nan ƙasar ta tsaya masa a rai da hayaƙi a kanta. Da suka ƙetare iyaka ya manna fuska da gilashi yana jiran ya ga hayaƙin. Abin da ya gani shi ne wani saurayin jami'i yana hamma, da wata mata tana shanya kayan yara, da kaji suna shan ruwa a cikin tsohuwar hular kwano ta soja. Ya ji wani abu mai kama da an yi masa rowa, nan take kuma kunya ta kama shi. Me ya so ya gani? Gidajen mutane suna ci da wuta don shi ya sami labarin kai wa gida?

Da rana ta yi tsaka direba ya tsaya don mutane su kama ruwa. Magini ya nufi ciyawar gefen hanya, sai ya ji an riƙe masa gefen riga. Wata mata ce mai goyo.

"Baba, nan ba a sauka daga kan kwalta."

"Ai na ji an ce an kwashe abubuwan da aka binne."

"An ce," in ji ta. "Amma wanda ya binne bai bar takarda ba."

Ya duba, ya ga kowa a jere a bakin kwalta, manya da yara, ba wanda ƙafarsa ta taɓa ciyawa. Ya koma mota ya zauna. Sai a lokacin ya lura cewa a cikin motar nan mai cin mutum talatin, mazan da suka kai shekarunsa su biyu ne, shi da wani mai hannu ɗaya. Ya kuma lura ba wanda ke cewa "yaƙi". Sai dai "wancan lokacin", kamar sunan surukin da ba a faɗa.

Wasu suna karanta ƙasa a fuskar mutanenta. Magini a bango ya karanta ta. Ga gida, ƙasansa tsohon bulo, samansa sabo, tsakaninsu layi kamar ɗinkin tiyata. Ga makaranta an shafe ta fari fat, amma idon magini ya ga inda aka toshe taga aka sake buɗe ta. Ga shago mai faci bakwai, kowane faci da hannun da ya yi shi, wani na gwani, wani na mutumin da bai taɓa riƙe cokali ba sai da dole ta sa shi. Ya ce a ransa, mutanen nan ba su zauna kuka ba.

Gidan surukansa yana cikin wani dogon lungu. Auta ta tarye shi da hawaye da faɗa a haɗe, wai ya rame, wai ba a ba shi abinci a gida. Mijinta ya karɓi jaka. Ana ce masa Injiniya, ko da yake mita kawai yake karantawa a ofishin ruwa. Yaro ne mai ladabi, mai yawan damuwa, irin wanda ke komawa ya duba ƙofa bayan ya kulle ta. A tsakar gida kuma, kan kujera, ga mahaifinsa zaune da jaririya a cinya: dogon tsoho siriri, da baƙin tabarau, rigarsa a ɓalle har wuya kamar mai jiran shugaban ofis. Shi ne Mai Wasiƙa. Shekara ashirin da biyu rabonsa da raba wasiƙa, shekara ashirin da biyu kuma rabonsa da ganin hasken rana, amma sunan ya ƙi sakinsa.

"Baban Auta, ka sha hanya," in ji shi. "Ka zo ganin matata ke nan?"

"Matarka, Malam? Ai na riga ka. Dubi hancin nan, namu ne."

"Ba zan iya dubawa ba, sai dai in yarda. To hanci naku, amma gemu nawa take ja kullum. Ka tambaye ta wa ta zaɓa."

Yarinya ta kalli baƙon tsoho ta ɓare baki. Aka yi dariya, aka ce an yanke hukunci.

Washegari da safe Magini ya ga abin da ya ba shi mamaki. Mai Wasiƙa ya sha shayinsa, ya ɗauki sanda ya maƙale ta a hammata kamar ba shi da buƙatarta, ya fita shi kaɗai. Ya ɗora hannun hagu a bangon gidan, wanda ya miƙe tare da lungun taku arba'in, ya kama tafiya da saurin mai ido. A wani wuri ya ɗan dakata, sannan ya ja dama ya kauce wa inda murfin kwata ya karye, ya koma jikin bango, ya kai ƙarshensa, ya tsallaka zuwa wata rumfar kwano a bakin titi. Nan yake saƙa gindin kujeru da igiyar roba. Ba saƙar ce kaɗai ke kai shi ba. Duk mai wucewa sai ya tsaya: wannan ya bar sallahu a faɗa wa ƙaninsa kaza, waccan ta ce in mai gyaran famfo ya wuce a turo mata shi. Mai Wasiƙa ya riƙe kowane saƙo a ka, ya miƙa wa mai shi ba ragi ba ƙari. An rufe gidan waya tun wancan lokacin, amma a lungun nan bai taɓa rufewa ba.

"Yana da ido a zuci," in ji mai shagon kusa. "Kowa ya sani."

Injiniya kuwa ba ya ganin ido a zuci, babura yake gani. Ya gaya wa Magini cewa shekara uku suna ja-in-ja. Shi yana so a riƙa kawo kujerun gida, tsohon ya yi aikinsa a inuwa. Tsohon ya ce in an zaunar da shi a tsakar gida, gara a kira masu wanka. Daga ƙarshe suka yi alkawari a gaban Auta: yana nan yana fitarsa, amma ran da ya faɗi, ran nan ya ajiye fita shi kaɗai.

"Bai taɓa ko tuntuɓe ba, Baba," in ji Injiniya. "Amma kullum sai na ji ya isa rumfa nake iya haɗiye shayi."

Magini yana sauraro, amma rabin hankalinsa na kan bangon. Tun ran da ya iso ya gan shi. Bango ne mai kyau, ginin mutanen da, sai dai duk jikinsa ramukan harsashi ne, daga ƙofa har kusurwa. Ya ƙirga su ba da niyya ba: talatin da ɗaya. Kwana uku yana wucewa da hannuwansa a aljihu, yana tuna maganar matarsa. A kwana na huɗu ƙaiƙayi ya fi ƙarfin aljihu.

"Ɗana," ya ce da Injiniya, "bangon nan, ba wanda ya taɓa cewa a gyara?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Tun ina yaro nake kau da kai daga gare shi, Baba. In ka rufe mana shi, ka cire mana ƙaya."

Suka shirya abin ya zama na ba-zata. Ranar Asabar Auta za ta kai surukinta babban asibiti a auna masa jini, kuma layin can ba ya ƙarewa sai yamma. Motar haya na ɗaukarsu, Magini ya zaro cokali daga ƙafar wando. Aka kawo siminti da yashi. Ya kwaɓa da kansa, ya jiƙa bangon, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana cusawa yana dannawa. Ya lura da wani abu: ramukan sama da na ƙasa bakinsu da kaifi, cike da ƙura da yanar gizo, amma waɗanda ke daidai ƙirjin mutum bakinsu ya yi sumul, ya yi duhu, yana sheƙi kamar mariƙin ƙofa. Ya tsaya da cokali a hannu. Sai ya ce a ransa, wasan yara ne, su da ba sa ganin rami su bar shi. Ya toshe. Da ya gama toshewa ya ga faci talatin da ɗaya sun fi ramukan muni, sai ya bi bangon gaba ɗaya da shafe, ya goge da katako har ya zama kamar tafin hannu. A duk shekarunsa bai yi aikin da ya fi wannan kyau ba. Maƙwabta suka fito suna sa albarka. Wata tsohuwa ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta share ido da gefen mayafi, ta ce ta manta haka lungun yake a da.

Da yamma mota ta sauke Mai Wasiƙa a bakin ƙofa, bai taɓa bango ba. Lahadi ba ya fita. Ranar Litinin da safe Magini ya riga kowa tsayawa a ƙofar gida, ya harɗe hannu, yana jiran yabo.

Mai Wasiƙa ya fito, sanda a hammata. Ya ɗora hannu a bango, ya yi taku uku, ya tsaya. Hannun ya yi sama, ya yi ƙasa, ya koma baya, ya yi gaba, kamar mai neman makulli a aljihun da ya tabbata nan ya sa shi. Tsohon ya ɗaga kai, ya gyara wuyan riga, ya ci gaba da tafiya a hankali, leɓunansa na motsi yana ƙirga taku. Bai dakata inda ya saba dakatawa ba. Bai ja dama ba. Ƙafarsa ta zurma cikin karyayyen murfin kwata, ya tafi gaba ɗaya, tabarau ya yi gefe.

Raunin bai yi yawa ba: ƙwauri ya daye, wuyan hannu ya gurɗe. Auta ta wanke ta ɗaure. Injiniya, wanda ya fito da gudu ba takalmi, ya tsaya a kansu.

"Baba, mun yi alkawari."

"Mun yi," in ji Mai Wasiƙa.

"Me ya faru? Jiri ne?"

"Tsufa ne, ɗana. Ba ya sallama in zai shigo."

Bai ce komai game da bango ba, sai dai da aka gaya masa aikin da baƙo ya yi, ya juya wajen da yake jin numfashin Magini ya ce Allah ya saka da alheri, ya ji shafen ya yi laushi.

Aka kwaso kujeru daga rumfa aka jera a tsakar gida. Kwana uku bai taɓa su ba. Yana zaune a ɗakinsa, rigarsa a buɗe, maɓallan ba a sa ba. Ko jaririya aka ɗora masa, sai ya riƙe ta shiru, ta ja gemun ta gaji. Mutane suka riƙa tsayawa a rumfa suna tarar da benci, su juya da saƙonsu a baki. Magini kuwa abinci ya daina wuce masa. Duk inda ya juya, yatsun nan yake gani suna lalube a kan kyakkyawan shafensa.

A rana ta uku da hantsi, bayan Injiniya da Auta sun tafi aiki, ya yi sallama a ƙofar ɗakin.

"Malam, ni ne."

"Na sani. Kai kaɗai ke tafiya a gidan nan kamar mai ɗauke da kwanon yashi."

"Ba wannan nake nufi ba. Ni ne na kayar da kai."

Mai Wasiƙa ya ce, "Baƙo ba ya laifi a gidan nan."

"Baƙo ba ya yi. Magini ya yi. Na ga bakin ramukan ya yi sumul, na ce yara ne."

"To, ba ka yi ƙarya ba. Tsoho ai yaro ne." Ya matsa a bakin gado. "Zauna, Baban Auta. Tsayuwarka tana tare mini iska."

Ya ba shi labarin ba tare da ya canza murya ba, kamar mai karanta adireshi. A wancan lokacin wasiƙu sun daina zuwa, amma shi bai daina fita da jaka ba, don bai san abin da mutum ke yi da safiya ba in ba wannan ba. Ran nan ya fita ya manta hularsa ta aiki. Matarsa ta biyo shi da ita a hannu, tana yi masa tsiya, wai wata rana kansa zai manta. Sai wata mota ta tsaya a bakin lungu. Bai san na wane ɓangare ba ne, kuma har yau bai tambaya ba. Ɓarɓashin bango ne ya tafi da idanunsa. Ita kuwa ba ɓarɓashi ne ya same ta ba. Ɗansu Injiniya yana da shekara shida, yana cikin ɗaki ƙarƙashin gado.

"Wata bakwai ina zaune a nan inda ka same ni. Ran da na fita, na ɗora hannu a bango, yatsana ya faɗa rami. Na fizge kamar na taɓa garwashi. Washegari na sake. Sai na ji ashe ba iri ɗaya ba ne. Wani bakinsa da faɗi kamar kofi, wani ɗan tsuku, wasu biyu manne da juna, na sa musu Tagwaye. Sai na mai da su gidaje. Ka san mai raba wasiƙa ba ya ɓata muddin ƙofofi na da lamba."

Ya ci gaba da cewa:

"Akwai uku a jere, daidai kafaɗarta. Nan nake tsayawa in ce mata ina kwana. Daga nan taku huɗu, sai in ja dama in kauce wa kwata. Ka ga har yanzu ita ke hana ni faɗawa rami."

Magini ya kalli hannuwansa, busassun hannuwa masu farin siminti a gindin farce. Bai taɓa jin sun yi masa nauyi haka ba.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In na faɗa, yaron zai san daidai inda uwarsa ta faɗi. Kullum ta nan yake wucewa zuwa aiki. Mutum ɗaya ya isa ɗaukar wannan." Sai ya yi ɗan murmushi. "Kuma an ce ina da ido a zuci. Ni kuwa ban taɓa ƙin yabo ba."

"Zan buɗe su duka. Simintin bai gama kamawa ba."

"A'a. Kwana ukun nan na yi tunani. Shekara ashirin da biyu ina shafa aikin mutanen nan kowace safiya. Na gaji. Ba don ni suka huda bangon ba. Ka bar su a rufe, ka yi mini naka lambobin." Ya juyo da fuskarsa. "Amma ukun nan, in kana iyawa."

Da Injiniya ya dawo, Magini ya tare shi a ƙofar gida. Ya gaya masa rabin magana, rabin da aka ba shi izini: cewa mahaifinsa da ramukan yake gane hanya, shi kuma ya shafe masa hanyar. Injiniya ya daɗe yana kallon bangon. Amma ya ce alkawari alkawari ne, babura kuma ba su ragu ba.

"Ɗana, in an janye wa mutum tsani, ba a ce bai iya hawa ba. Alkawarin nan da wancan bangon kuka yi shi. Ka ba shi safiya ɗaya. In ya yi tuntuɓe, ni da kaina zan ɗaure shi a kujera da igiyarsa."

Auta, da ke tsaye da yarinya a kafaɗa, ta ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, Baba, kwana huɗu kana ƙirga ramukan bango, ba ka ga wanda ke gaban ƙafarka ba."

Magini ya duba karyayyen murfin kwata kamar yau ya fara ganinsa. Gaskiya ne. Shekara arba'in idonsa na kan bango, ƙasa kuwa ya bar wa masu tafiya.

Da murfin ya fara, ya zuba sabo, har da ƙarfe a ciki. Sannan Asabar da safe aka fito da Mai Wasiƙa, hannunsa a ɗaure, yana tafe yana nuna inda yake so. Magini ya riƙa farfasa shafen yana dasa 'yan ƙullutu na siminti kamar maɓallan riga: ɗaya a taku na biyar, biyu a na goma sha biyu, dogon layi a kusa da kusurwa. Injiniya yana riƙe da kwano yana binsu. Da suka zo tsakiyar bango, Mai Wasiƙa ya ce da ɗansa ya je ya ƙaro ruwa.

Magini ya ɗauki kurfi da guduma. A nan gwanintarsa ta zame masa abokiyar gaba. Ya yi shafen da kyau har shi kansa bai ga alamar komai ba. Ya ƙwanƙwasa nan, ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa can. Mai Wasiƙa ya san takun, amma taku ba ya nuna wurin da yatsa uku za su shiga. Magini ya zaɓi wani wuri, ya kafa kurfi, ya ɗaga guduma.

"Ba nan ba ne, Baba."

Injiniya ne, tsaye a bayansu da bokiti. Ya ajiye shi a hankali. Ya matso, ya ɗora yatsa a bangon, taƙi ɗaya hagu da inda kurfin yake, ƙasa kaɗan.

"Nan ne na farko. Na biyu nan. Na uku ya ɗan fi su sama."

Wani babur ya wuce a bakin titi.

"Ba ka ƙarƙashin gado," in ji Mai Wasiƙa.

"Ina bakin ƙofa, Baba. Na biyo ta. Na ɗauka ba ka san wurin ba. Ban so ka sani."

Tsohon ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya lalubo kafaɗar ɗansa, ya bar shi a nan. Magini ya juya musu baya, ya kafa kurfi inda aka nuna masa. Bugu huɗu, toshiyar ta fito ɗungurungum kamar haƙori, ga bakin ramin nan sumul yadda yake. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, ya hure ƙurar. Tunda yake bai taɓa huda bangon da ya gama da hannunsa ba, kuma bai taɓa yin aiki a hankali kamar wannan ba.

Litinin da safe Mai Wasiƙa ya fito, maɓalli har wuya, sanda a hammata. Magini da Injiniya da Auta suna tsaye a ƙofa, da yarinya ta huɗu. Ya taɓa ƙullutu na farko, ya wuce. Ya taɓa biyun. A tsakiya ya dakata, ya ɗan daɗe fiye da yadda ya saba. Ya yi taku huɗu, ya ja dama ya kauce wa ramin da babu shi yanzu, ya koma jikin bango, ya kai kusurwa, ya tsallaka. Kafin ya zauna har mutum biyu sun tsaya da saƙo.

Injiniya ya sauke numfashi, ya koma ciki ya kwaso kujerun da kansa, biyu-biyu, ya mayar rumfa.

Da Magini ya je sallama ran da zai tafi, Mai Wasiƙa ya riƙe hannunsa ya ce, "Lamba ta biyu ta yi kaifi, tana cin yatsa."

"Bari in goge ta yanzu."

"Bar ta. Nan da shekara goma zan gama goge ta da kaina. Ka gaida gida. Matata kuma ka cire rai."

A hanyar komawa ya sake wuce shagon nan mai faci bakwai, da makaranta, da gidajen masu ɗinki a tsakiya. Ya ga wani bango da ba a taɓa ba, ramukansa a buɗe, wata mata na zaune a gindinsa tana tsefe wa 'yarta kai. Hannuwansa suna kan cinya, ba su motsa ba. Da aka tsaya kama ruwa, bai sauka daga kan kwalta ba.

Matarsa ta karɓi jaka, ta zazzage, cokali ya faɗo da sabon siminti a gindinsa. Ta ɗaga shi ta kalle shi.

"Ka taɓa bangon mutane."

"Na taɓa."

"To, yaya ƙasar? Da gaske duk a rushe take?"

Magini yana kallon wata 'yar tsaga da ta fito a bangon ɗakin girki bayan tafiyarsa, siririya, daga taga zuwa ƙasa.

"Suna nan," ya ce. "Suna ta gyara." Sai ya nuna da haɓa. "Waccan tsagar, akwai mai amfani da ita?"

Ta dube shi, ta dubi tsagar, ta ɗora masa bayan hannu a goshi ta ji ko zazzaɓin hanya ne. Ya bar ta ta ji. Sannan ya ja kujera ya ce ta zauna, labarin da tsawo.